Yadda ake auna shok na iskar rana da ƙwayoyin da ya ingiza, daga bayanan kumbon ACE da Wind

Ɗalibai masu aikin bincike a kimiyyar sararin samaniya sun sha aiko da tambaya guda. An ce igiyar bugu da ke ratsa iskar rana (kwararar ƙwayoyi masu caji da ke fitowa daga rana), wadda masu fannin ke kira shok, tana ɗibar furoton marasa ƙarfi ta ingiza su har kuzarinsu ya kai MeV (ma'aunin kuzarin ƙwaya, MeV ɗaya keV dubu ne). To ta yaya mutum zai gwada wannan da hannunsa? Ba sai da babbar na'ura ba. Akwai kumbo biyu na hukumar NASA, Wind da aka harba a 1994 da ACE da aka harba a 1997, suna zaune kusan kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, kuma duk shok ɗin da zai iso mana sai ya bi ta kansu. Bayanansu kyauta ne.

Abin da za a gwada abu ɗaya ne. Ƙwaya mai caji tana kai da komo tsakanin gaban shok da bayansa, igiyoyin maganaɗisu na ɓangarorin biyu suna maido ta, kamar ƙwallo tsakanin bango biyu masu matsowa juna, kowane tsallake da ƙarin kuzari. Lissafi ya ce gangaren jadawalin kuzarin da za a samu ya dogara ga lamba ɗaya tak, wato yawan matsin da shok ya yi wa filazma, iskar nan ta ƙwayoyi masu caji. Za ka auno matsin, ka lissafo gangaren da ake tsammani, ka auno na zahiri, ka gwama su.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Kwamfuta ta hannu kowace iri ce ta isa. Ana bukatar Python tare da numpy da matplotlib, sai ɗaya daga cikin cdflib, cdasws ko pyspedas domin buɗe fayilolin CDF. Wanda bai saba da rubuta manhaja ba zai iya sa shafin CDAWeb na NASA, inda bayanan suke, ya fitar masa da lambobin a rubuce, ya zuba su a Excel, amma zai sha wuya a mataki na 7. Babu rajista, babu biyan kuɗi. Data kaɗai za ka kashe, kuma bayanan kwana uku na kumbo ɗaya ba su wuce abin da wayar hannu za ta sauko da shi ba, in dai ba ka taɓo fayil ɗin maganaɗisu mai awo 11 a daƙiƙa ba. Inda wuta ba ta zama, sauko da fayilolin gaba ɗaya ka ajiye, sauran aikin ba ya bukatar intanet.

1. Zaɓen shok

Kada ka fara da farauta cikin bayanan shekaru. Akwai rumbuna biyu da suka riga suka tattara jerin shok: na cibiyar Harvard-Smithsonian, wanda ya ƙunshi Wind da ACE, da na Jami'ar Helsinki. Kowanne yana ba da lokacin wucewa, matsi, kusurwar da ke tsakanin filin maganaɗisu da alƙiblar shok, da lambar Mach, wato gudun shigowar iska cikin shok an raba shi da gudun igiya. Zaɓi shok mai ƙarfi, matsi 2.5 ko fiye, domin raunanan sau da yawa ba sa nuna komai a ƙwayoyi masu kuzari.

Don koyon gane siffa, na ranar 17 ga Maris 2015 yana da sauƙin samu. Ya wuce Wind wajen ƙarfe 04:00, na'urorin maganaɗisu na ƙasa suka ji isowarsa 04:45, guguwar maganaɗisu mai ƙarfi ta biyo baya.

Hattara: duk lokutan nan na UT ne, wato agogon Greenwich. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban UT da awa ɗaya, kuma wasu manhajoji kan juya lokaci zuwa na kwamfutarka ba tare da sun gaya maka ba. Idan ka ga shok ya goce da awa guda cif daga abin da rumbu ya ce, nan matsalar take.

Hattara ta biyu: kafin 2004 Wind yana shiga yana fita daga yankin maganaɗisun duniya. Idan shok ɗinka na waɗannan shekarun ne, duba matsayin kumbon. Kusa da duniya akwai ƙwayoyin da shok ɗin goshin duniya, wanda ke tsaye inda iskar rana ke karo da maganaɗisun duniya, ke watsowa, za ka ɗauke su a matsayin na shok ɗinka.

2. Sauko da bayanai

Daga ACE kana bukatar fayil uku: AC_H0_MFI, filin maganaɗisu duk daƙiƙa 16; AC_H0_SWE, filazma duk daƙiƙa 64; sai na na'urar EPAM mai auna ƙwayoyi masu kuzari, AC_H1_EPM mai minti 5 ko AC_H3_EPM mai daƙiƙa 12. Daga Wind akwai WI_H0_MFI na maganaɗisu mai daƙiƙa 3 da WI_H1_SWE na filazma mai kimanin daƙiƙa 92. Ɗauko kwana biyu kafin shok da kwana ɗaya bayansa. Kwanakin farko ba ɓata data ba ne, su za su nuna maka ƙwayoyin da ke wurin tun kafin shok ya iso.

Gara duk awon ya fito daga kumbo ɗaya. In dole ta sa ka haɗa filazmar Wind da ƙwayoyin ACE, tantance lokacin wucewar shok a kowanne daban, domin tsakaninsu akan samu mintuna, wani lokaci da yawa.

Kada ka yi amfani da bayanan OMNI, wani tarin awon iskar rana na NASA, a wannan aiki. An riga an tura lokacinsu zuwa goshin duniya, an kuma haɗa kumbo daban-daban, sai bakin shok ya dushe.

Abu na farko bayan buɗe fayil shi ne share lambobin cike gurbi. A yawancin fayilolin CDF lambar ita ce −1×10³¹, a wasu kuma jerin tara-tara kamar 99999.9. Guda ɗaya ta shiga lissafin matsakaici ta gama da shi. Ta farkon tana tona kanta, amma ta tara-taran kan lafe.

Na'urar filazma ta ACE, SWEPAM, tana ruɗewa idan ƙwayoyi masu tsananin kuzari suka yi mata ruwa. Sai ta riƙa ba da gudu ƙasa-ƙasa alhali iska na gudun fitar hankali. Haka ta faru a 29 ga Oktoba 2003, lokacin da gudun ya haura kilomita 1,850 a daƙiƙa. Manyan abubuwan da suka yi suna su ne mafi munin wurin koyo.

3. Tabbatar da cewa shok ne

Zana layi huɗu a jere, lokaci ɗaya a ƙasansu: ƙarfin filin maganaɗisu B, cunkoson furoton n, zafi T, da gudu V. A shok mai sauri mai fuskantar gaba duka huɗun suna tsalle sama a tare. Idan B, n da T suka faɗi amma V ya tashi, shok ne mai komawa baya, irin wanda ake gani a bayan wurin da iska mai sauri ta cim ma mai nawa, kuma a nan gaba da baya sun musanya wuri. Idan n ya tashi B ya faɗi, gudu bai motsa sosai ba, mai yiwuwa iyaka ce kawai tsakanin filazma iri biyu. Bar ta.

Ɗauki lokacin shok daga filin maganaɗisu, don shi ke da awo mafi kusa-kusa. Kira shi t₀.

4. Tazarar gaba da ta baya

A nan gizo yake saƙa. Duk lambar da za ta biyo baya daga matsakaicin tazara biyu take fitowa, ɗaya kafin shok, ɗaya bayansa. Fara da minti takwas-takwas: daga minti 9 zuwa minti 1 kafin t₀, sannan daga minti 2 zuwa minti 10 bayan t₀. Gibin da aka bari a tsakiya na gujewa bakin shok ne, inda filin kan yi tsalle ya zarce kafin ya daidaita.

Minti takwas a SWEPAM awo bakwai ne ko takwas, a SWE na Wind biyar kacal. Ba su da yawa, shi ya sa awo ɗaya gurɓatacce yake da tasiri. Kalli kowanne da ido.

Idan ka gajarta tazara, kaɗawar igiyoyi za ta rinjayi matsakaicin. Idan ka tsawaita, za ka kwaso wani tsari dabam da ba ruwansa da shok, musamman a baya, inda alƙiblar fili kan juya bayan 'yan mintuna. Maganin shi ne maimaici. Yi lissafin da tazarar minti 3, 5, 8, 10 da 15, ka ajiye sakamakon kowanne. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne kuskuren awonka na gaskiya, kuma kusan kullum ya fi wanda lissafin karkata daga matsakaici ke bayarwa.

Ɗauki matsakaicin kowane sashe na bekta daban, Bx, By, Bz, sannan ka fitar da ƙarfin daga gare su. Matsakaicin ƙarfin B da ƙarfin matsakaicin bekta ba abu ɗaya ba ne idan fili na kaɗawa.

Tabbatar B da V suna tsarin ma'auni ɗaya. Tsare-tsaren da za ka gani su ne GSE, RTN da GSM. A GSE layin X yana kallon rana, saboda haka Vx na iskar rana lamba ce mai alamar ragi. A RTN layin R yana ba rana baya. GSM kuma ya yi tarayya da GSE a X kawai. Haɗa B na GSM da V na GSE kuskure ne da ba ya kuka, lambobin za su fito kamar na kirki.

Ga lambobin gwaji da aka tsara don koyo, ba na wata rana ba ne, a tsarin GSE. Lamba 1 gaba ce, 2 baya.

B₁ = −1.76, 4.68, 0 nT, ƙarfi 5
B₂ = 0.08, 10.99, 0 nT, ƙarfi 11
V₁ = −400, 0, 0 km/s
V₂ = −494, 15, 0 km/s
n₁ = 5, n₂ = 12.5 a kowane cm³
Zafin furoton a gaba 60,000 K

Matsi r = n₂/n₁ = 2.5. Lura cewa B₂/B₁ ya ba da 2.2. Masu sauri kan ɗauki na maganaɗisu a madadin r saboda awonsa ya fi tsabta, amma su biyun ba sa haɗuwa sai fili ya kusa kwanciya a kan fuskar shok. Idan fili ya miƙe tare da alƙiblar shok, B kan ƙi tashi sam alhali an matse filazma sau uku. Kuma idan r ya fito sama da 4, koma ka duba, domin lissafin iskar gas mai ƙwaya ɗaiɗai bai yarda a wuce 4 ba.

5. Alƙiblar shok da kusurwarsa

Alƙiblar shok, n̂, ita ce bektar da ta tsaya cak a kan fuskarsa. Da kumbo ɗaya akwai hanyoyi uku da aka saba.

Ta maganaɗisu zalla: ninkin giciye na B₁ × B₂, sannan a sake giciye shi da ΔB = B₂ − B₁, a raba da tsawonsa. Ta gauraye: ΔB × ΔV, a sake giciye shi da ΔB. Ta gudu zalla: ΔV a raba da tsawonsa.

A lambobin gwaji ΔB = 1.84, 6.31, 0, hanyoyin farko biyu kuma suna ba da n̂ = −0.96, 0.28, 0. Ta gudu zalla tana ba da −0.99, 0.16, 0, ta kauce da kusan digiri 7, domin shok ya karkatar da iska gefe da kimanin km/s 12. Lissafi ba ya zaɓen alama, kai za ka zaɓa. Ga shok mai fuskantar gaba, sashen X ya zama na ragi, wato yana ba rana baya.

Kowace hanya da inda take gazawa. Ta maganaɗisu tana rushewa idan B₁ da B₂ sun kusa zama a layi ɗaya, abin da ke faruwa a kusurwa kusa da 0 da kusa da 90, domin ninkin giciyensu ya koma kusan sifiri, hayaniya ce ta rage. Ta gudu ba ta da inganci sai shok mai tsananin ƙarfi. Ta gauraye ta fi jure wahala, da ita ya kamata a fara. Yi duka ukun. Idan suka saɓa da fiye da digiri 15 zuwa 20, canja tazara. In sun ci gaba da saɓawa, canja shok, ba abin kunya ba ne.

Gwajin gaskiya: B₁·n̂ da B₂·n̂ dole su yi daidai, nan duka 3 nT ne. Sai dai hanyoyin farko biyu an gina su ne su cika wannan sharaɗi da kansu, don haka cikawarsa ba shaida ba ce a gare su.

Kusurwa θ tsakanin fili da alƙibla: cos θ = |B₁·n̂| / |B₁| = 3/5, wato digiri 53. Ƙasa da 45 ana cewa shok mai bin fili, sama da 45 mai gicciye fili. A mai bin fili gaban shok cike yake da igiyoyi, alƙiblar B₁ tana rawa, kuskuren θ kan kai digiri 20 cikin sauƙi. Kada ka rubuta 31.47 a irin wannan wuri.

6. Gudun shok da lambar Mach

Abin da ya shiga shok shi ke fita, daga nan ake samun gudunsa:

Vsh = (n₂V₂ − n₁V₁)·n̂ / (n₂ − n₁)

V₁·n̂ = 384, V₂·n̂ = 478.4, saboda haka Vsh = (5980 − 1920) / 7.5 = 541 km/s. Wannan gudu ne a idon kumbo. A idon shok kuwa iska na shigowa da U₁ = 541 − 384 = 157 km/s, tana fita da U₂ = 63. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne raba 541 da gudun igiya. U₁ ake rabawa.

Gudun Alfvén, wato na igiyar da ke bin layin maganaɗisu: VA = 21.8 × B / √n, B a nT, n a cm³. Nan 48.7 km/s.

Gudun sauti: cs = 0.117 × √(Tp + Te), Tp zafin furoton, Te na ilektron, a K. Fayilolin da muka ambata ba su da zafin ilektron. In ba ka da awonsa, sa 140,000 K, matsakaicin da aka saba gani a nisan duniya, ka kuma faɗa a rubutunka cewa ƙiyasi ne. Barin Te gaba ɗaya yana kumbura lambar Mach. Nan cs = 52 km/s. Wind ba zafi yake bayarwa ba, gudun zafi w yake bayarwa a km/s, a juya shi da T = 60.5 × w².

Gudun igiya mai sauri, idan a = cs² + VA²:

Vf² = ½ [a + √(a² − 4 cs² VA² cos²θ)]

Ya ba da 68 km/s. Mach na sauri 157/68 = 2.3, na Alfvén 3.2. Sharaɗi: a gaba Mach na sauri ya haura 1, a baya U₂ ya gaza Vf na can. In bai cika ba, ko dai alƙiblarka ta karkace ko abin ba shok ba ne.

Ƙwayoyin hiliyam kusan kashi 4 cikin ɗari ne a ƙidaya, amma kowacce nauyin furoton huɗu, sun ƙara kusan kashi 16 a nauyi, VA ya ragu da kusan kashi 7. Wannan kan bayyana ɗan saɓanin da za ka gani tsakanin lambarka da ta rumbu.

7. Jadawalin kuzari da gangarensa

Hasashen shi ne kwararar ƙwayoyi j ta bi E^(−γ), E kuzari ne, γ kuma gangaren, inda

γ = (r + 2) / (2(r − 1))

r = 2.5 ya ba da 1.5. r = 4 ya ba da 1, r = 2 ya ba da 2. A littattafai za ka ci karo da wata lamba, q = 3r/(r − 1), wadda a nan 5 ce. Ita ta rarrabuwar ƙwayoyi ce bisa ƙarfin motsinsu p, ba ta kwarara bisa kuzari ba, dangantakarsu γ = (q − 2)/2. Haka lambar 2 da ake yawan ambata wa ƙwayoyin da ke fitowa daga fashewar taurari ta masu gudu kusa da na haske ce. Furoton na EPAM ba su kai can ba. Gwama awon EPAM da q ko da waccan lamba ya ɓata ayyuka da yawa.

Duba yadda kuskuren r ke yaɗuwa. r = 2.2 yana ba da 1.75, r = 2.8 yana ba da 1.33. A raunanan shok abin ya fi muni: r = 1.5 ya ba da 3.5, r = 1.3 ya ba da 5.5. Rubuta hasashenka a matsayin daga kaza zuwa kaza.

Yanzu awo. Yi amfani da madubin LEMS120 na EPAM, mai tasha takwas daga keV 47 zuwa MeV 4.8. Ɗan'uwansa LEMS30 ƙananan tashoshinsa sun samu hayaniya tun guguwar ƙarshen Oktoban 2003. Ga kowace tasha ɗauki kuzarin tsakiya a matsayin √(E₁ × E₂). Tashar keV 68 zuwa 115 tsakiyarta 88 ce. Babbar tasha, 1,900 zuwa 4,800, faɗi gare ta: rabin jimla zai ba ka 3,350, alhali 3,020 ya fi kusa da gaskiya, domin yawancin ƙwayoyin a gindin tashar suke.

Ɗauki matsakaicin kwarara a minti 10 na farko bayan shok. Cire na asali, wato abin da ke wurin kafin kwarara ta fara hawa. A nan sai an yi hukunci. Shok ɗin da aman rana, wato tarin filazmar da rana ke watsowa lokaci guda, ya koro yakan zo ne a kan ragowar ƙwayoyin da aka ingiza tun kusa da rana kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma a manyan tashoshi su ne suka fi yawa. Tashar da ba ta ninka na asali aƙalla sau biyu ba a bakin shok, fitar da ita.

Zana log j a kan log E, ka kalle shi kafin ka ɗora layi. Sau da yawa ƙananan tashoshi huɗu ko biyar suna kan miƙaƙƙen layi, daga 'yan ɗaruruwan keV kuma jadawalin ya lanƙwasa ƙasa, saboda shok bai samu lokaci ba ko ƙwayoyin sun tsere masa. Ɗora layin a kan miƙaƙƙen sashen kawai, ka rubuta inda lanƙwasar ta fara. Tilasta layi ɗaya a kan takwas ɗin yana ba da γ mai girma na ƙarya. A yi ɗorin a kan logaridim, in ba haka ba ƙaramar tasha ita kaɗai za ta ja layin.

Saura gyaran da ake kira na Compton da Getting, wanda akasari ake tsallakewa. Hasashen na wanda ke tafiya tare da filazma ne, kumbo kuwa filazma na wuce shi. Girman tasirin shi ne 2(γ + 1) × V/v × cos φ, inda φ kusurwa ce tsakanin inda madubi ke kallo da inda iska ke fitowa, gudun furoton kuma v = 438 × √E km/s, E a keV. A keV 88, v kusan 4,100 ne. Da V = 480 da γ = 1.5 ana samun 0.58. ACE yana juyi a kan sandar da ke kallon kusa da rana, LEMS120 kuma yana digiri 120 daga sandar, cos φ kusan −0.5. Kenan wannan tasha ta rasa kusan kashi 29 cikin ɗari, babbar tasha kuwa kashi 5 kacal. Jadawalin da ba a gyara ba zai fito a kwance fiye da yadda yake.

Duba ma'aunin fayil kuma, ko a kowane MeV ne ko a kowane keV. Ba ya taɓa gangare, amma sau dubu ne tsakaninsu idan za ka haɗa da na wata na'ura.

8. Siffar hawan kwarara a gaban shok

Zana kowace tasha bisa lokaci, log a tsaye. Siffar tana faɗin irin aikin da shok ya yi. Hawa a hankali na mintuna da yawa ko sa'o'i, ƙololuwa a bakin shok, sannan shimfiɗa a baya, ita ce siffar kai da komo, kuma ita kaɗai hasashen mataki na 7 ya shafa kai tsaye. Tsini na 'yan mintuna a bakin shok mai gicciye fili wata hanya ce, ƙwayoyi na zamewa a kan fuskar shok suna ɗibar kuzari daga filin lantarki. Akwai mai hawa kamar matakala, akwai marar tsari, akwai kuma shok da yawa da ba sa nuna komai. Wannan na ƙarshe ma sakamako ne.

Idan siffar farko ce, ɗora layi a kan ln j na gaban shok bayan cire na asali, ka samo τ, lokacin da kwarara ke ninkuwa sau 2.72. A ce a tashar keV 88 an samu minti 20. Nisa L = Vsh × τ = 541 × 1,200, kimanin kilomita 650,000. Nan Vsh ake sawa, ba U₁ ba, domin shok ne ke tunkaro kumbo. Ma'aunin bazuwa κ = U₁ × L, kimanin 1.0 × 10⁸ km²/s, wato 10¹⁸ cm²/s.

Wannan κ na bin alƙiblar shok ne. Ƙwayoyi kuwa layin fili suke bi, sai a raba da cos²θ, nan 0.36, sannan zangon da ƙwaya ke yi kafin a watsa ta λ = 3κ/v, kusan kilomita 205,000. Gwada shi da rabin faɗin da'irar da furoton ke yi a kan fili, 4,570 × √E / B, nan kilomita 8,600. Zangon ya ninka shi sau 24, lamba ce mai ma'ana. Da zangon ya fito ƙasa da da'irar, da ka san an yi tuntuɓe a wani wuri. Kusa da digiri 90 kada ka yi wannan rabawa, bazuwa a gicciyen fili ta shigo ciki.

τ ya kamata ya ƙaru daga ƙaramar tasha zuwa babba. In bai ƙaru ba, zargi cire na asali tukuna. Ƙiyasin lokacin ingizawa kuma q × κ / U₁² ne, nan kusan awa 6, alhali shok kan yi kwana ɗaya zuwa uku daga rana. Lokaci ya isa ga keV 88. Maimaita wa manyan tashoshi ka ga ko inda lokacin ya gaza ya dace da inda jadawali ya lanƙwasa.

9. Idan awo da hasashe suka saɓa

Za su saɓa sau da yawa. Shok ɗin da kumbon ISEE-3 ya auna a 12 ga Nuwamba 1978 ya yi suna ne saboda ya bi ka'idar sosai, amma binciken da aka yi a kan shok masu yawa a nisan duniya ya sha nuna cewa dangantakar r da γ sako-sako ce. Kada ka koma kana murɗa tazara har sai lambobi sun haɗu.

Bi dalilan ɗaya bayan ɗaya. Kumbo ya huda shok a wuri guda, ƙwayoyin kuwa sun yi sa'o'i suna yawo a faɗin fuskarsa, inda matsi da kusurwa ba irin na wurinka ba ne. Shok ɗin ya fi ƙarfi jiya fiye da yau. Idan ƙwayoyin da ya tarar suna da jadawali mai kwanciya fiye da hasashensa, zai ɗaga su ne ya bar musu gangarensu, don haka auna γ na asali ma ka ajiye shi kusa da na baya. LEMS120 kuma ba ya bambance furoton da hiliyam ko masu nauyi, duk ayon ne a wurinsa.

A teburin sakamako sa t₀ da sunan kumbo, iyakokin tazara, r da kewayonsa, n̂ na hanyoyi uku, θ, U₁, lambobin Mach biyu da Te da ka yi amfani da shi, tashoshin da aka ɗora wa layi, da ko an yi gyaran Compton da Getting. Sannan ka buɗe rumbunan nan biyu ka gwama. Su kansu sukan saɓa wa juna a θ na shok ɗaya da digiri goma ko fiye, don hanyoyinsu da tazararsu ba ɗaya ba ne. Idan taka ta faɗa tsakaninsu, wuce zuwa shok na biyu. Idan ta yi nisa da duka biyun, fara da duba alamar Vx da tsarin ma'aunin B.